Gashin da Ya Tsiro a Bakin Ramautar

Har aka sallame shi daga asibiti a Kanfur, Ramautar bai gane kan aikin likitoci ba. Shi dai ya san a baki cutar take, daidai lungun da ya shekara talatin yana cusa taba yana tuƙa keken fasinja. Amma da ya farfaɗo bayan aikin tiyata, sai ya ga ƙafarsa ta hagu a naɗe. Aka ce ciwon daji ya cinye rabin muƙamuƙinsa na ƙasa, an cire, an yanko ƙashi daga ƙwaurinsa an yi masa sabo. Dakta Mehrotra ta yi dogon bayani, shi kuwa barcin allura bai sake shi ba, matarsa Fulmati kuma tana layin karɓar magani.

Abu ɗaya likitar ta nanata har ya zauna masa: kafin sati shida da aikin su cika dole ya fara shiga injin haske a ƙone ragowar cutar, in ba haka ba tana iya dawowa. A sati na biyar aka kwantar da shi, aka lulluɓe masa kai da wata ragar roba mai ɗumi. Ta bi fuskarsa da tulin sumar da ya bari tun kafin aiki, ta sandare a haka. Aka ce ya dawo Litinin a fara.

Ranar Laraba yana shan romon waken da suke kira dal sai harshensa ya taɓo wani abu. Ya yi tsammanin zare ne, ya ja, ya ji zafi. Fulmati ta haska da waya, ta leƙa, ta ja da baya.

"Wayyo ni! Baban Guddi, gashi ne! Baƙi wuluk, har guda bakwai!"

"A ina?" Maganarsa har yanzu a tauye take fita.

"A ina kuwa? A cikin bakinka mana!"

Tsoro ya kama Ramautar, irin wanda ko ranar aiki bai ji ba. Fulmati kuwa ba ta iya barin abu babu dalili, nan take ta samo shi.

"Ba kai ka yi wa Uwar Dutse, abar bautarmu, alkawarin sumarka in ka fito da rai ba? Ka fito, ka yi kwanciyarka. To ga tuni ta aiko maka."

"Mu tambayi likita tukuna, Uwar Guddi."

"Likita ce ta yi alkawarin ko kai?"

Washegari suka hau jirgin ƙasa zuwa wurin bautar. Wani wanzami a bakin kogi ya aske shi ƙwal, aka miƙa sumar, aka fasa kwakwa. Duk hanyar dawowa harshensa na can yana lalube. Gashin na nan, kamar ma ya ƙara tsawo.

Ranar Litinin aka kwantar da shi, aka kifa masa ragar. Kansa ya riƙa yawo a ciki kamar ludayi a tukunya. Mai kula da injin ya gwada sau uku, ya fita ya kira likita.

"Baba, ina sumarka?" in ji Dakta Mehrotra.

Fulmati ta karɓe zancen, ta zayyana komai da alfahari. Likitar ta dafe goshi.

"Mama, ai da fatar ƙafarsa muka rufe ƙashin. Gashin ƙafarsa ne. Tsirowarsa ma alheri ce, fatar ta kama ke nan, kuma hasken zai kakkaɓe shi. Amma ragar nan a kan sumarsa aka auna ta. In kansa ya motsa, hasken zai ƙone inda babu cuta ya bar inda take. Sai an yi sabuwa, an sake hoto, an sake awo."

"Yau ɗin?"

"Akwai layi. Kwana goma." Ta dube su duka biyu. "Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin nan ban so mu rasa su ba."

Suka fito suka zauna a benci. Fulmati ta durƙusa, ta ɗage masa ƙafar wando. Ga dogon tabon, ga gashi gefe da gefe, baƙi, a nannaɗe, sak wanda ta haska da waya. Shekara ashirin da takwas tana shafa wa ƙafar nan mai duk yamma, ba ta gane shi ba. Kunya da baƙin ciki suka kama ta.

Ramautar ya shafa ƙoƙon kansa, ya dube ta.

"To yanzu, Uwar Guddi, Uwar Dutsen ta karɓi sumar ne ko ba ta karɓa ba?"

Fulmati ta kama ƙirga kwanakin da yatsunta, ta kai goma, ta sake farawa.