Rantsuwa a Kan Mashaya

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, ranar da zan dafa Alƙur'ani a gaban hakimi cewa kakanmu ne ya fara saran mashayar garinmu. In na rantse, za a tashi masunta gida talatin, Yaya Shekarau ya gina gidan mai a wurin. Ni kuwa ban san komai ba sai abin da Yaya ya biya mini.

Barci ya sace ni. Sai ga ni a mashayar, an naɗe kogin Kwara kamar tabarma an jingine jikin kuka. Wata tsohuwa maginiyar tukwane tana zaune inda ruwan yake a da, tana dakan tsingaro.

"Kai ne mai shaidar?" ta ce. "To, tona, ɗana."

Ta miƙo mini ludayi. Na tona, ƙasa ta buɗe hawa-hawa, na dinga gangarawa. Na fara iske sikelin kantin Turawa yana auna iska. Na tambaye shi wa ya fara zama nan, ya ce, "Zuwa na yi na tarar." Ƙarƙashinsa allon wani malami Babarbare, rubutun na yawo kamar tururuwa. Shi ma tararwa ya yi. Na wuce duwatsun wuyan Nufawa suna ta gardama da yarensu, sai ga Kaka jiƙe sharkaf, yana shan romon kifi a ƙwaryar aro.

"Kaka, ba kai ka sari wurin nan ba?"

"Da wane gatari? Jirgi ya kife da ni da gorona, masunta suka tsamo ni. Wa ya aiko ka?"

Kunya ta rufe ni, na ci gaba da tono don kada mu haɗa ido. Can ƙasa dutsen niƙa ya yi hamma, ya ce wadda ta kawo shi ma toka mai ɗumi ta iske.

Na ɗaga kai na tambayi tsohuwar me take yi da tsingaron.

"A sabon yumɓu nake zubawa. In babu shi, tukunya fashewa take a wuta."

Ta sa ƙafa ta ture kogin, ya warware a kaina.

Na farka firgigit, Yaya na girgiza ni. "Tashi ka yi alwala, hakimi ya zauna."

Na ce, "Yaya, wa ya tsamo Kaka daga ruwa?"

Bai ce wane ruwa ba. Ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Wa ya gaya maka?"