Kurar da Ummaru Ya Kayar

Ni ba na son gulma, kowa a Aliero ya shaida. Amma ran nan jikanyata Mufida ta dawo daga makaranta tana kuka har da majina.

"Ke ƙawata, wa ya mutu?"

Ashe malaminsu ne ya ce su yi wasan kwaikwayo kan tarihin magabata. Safwan, jikan maƙwabciyata Luba, ya kai labarin uban Luba, marigayi Ummaru, wanda wai ya yi kokawa da kura a hanyar Jega ya kayar da ita. Safwan ne Ummaru. Mufida aka ba kura. Tun ba a yi wasan ba yara sun fara binta suna kukan kura. Suna kuwa in ya kama yarinya a garin nan, ya zauna ke nan har ta yi furfura.

Na yafa gyale na leƙa gidan Luba, inda suke gwaji. Tana zaune tana tsintar albasa, yara cike da tsakar gida.

Na ce, "Luba, Allah ya jiƙan Baba Ummaru. Kurar nan tasa, ƙafa biyu gare ta ko huɗu?"

"Uwani, mi ya kawo wanga zance?"

"Tambaya ce. Don ni a bakin innata na ji, kurar da ake turawa ce, ta katako, shaƙe da buhunan albasa. Ta ƙwace masa a gangare, ya sha gabanta zai tare, ta bi ta kansa. Sai da ƙarti suka jawo shi ta ƙafa."

"Ai dai ya kayar da ita!"

"Ƙwarai. A rami. Shi a ƙasa, ita a bisa."

Yara suka fashe da dariya. Luba ta jefe ni da ruɓaɓɓar albasa, ta sami akuyarta.

Ranar wasa aka aro kurar mai ruwa. Mufida ce ke turawa, Safwan na gudu a gaba yana salati. Malamin ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Yanzu ba mai yi wa jikanyata kukan kura. Safwan ne dai ake kira Ɗan Gangare. Luba ta daina gaishe ni, amma jiya ta aiko aron turmi. Na ba ta, na ce a gaya mata ta kiyaye, shi ma yana gangarawa.