Kujerar Aku

A duk faɗin unguwar Sabo ta Ibadan babu wanda ya san haƙƙin dabba kamar Alhaji Maharazu mai goro. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma ba a taɓa musa masa ba, don yawancin masu sauraron a gidansa suke cin tuwo.

A shekarar 1967, da jita-jita ta yi ƙarfi cewa za a far wa 'yan Arewa a Ibadan, sai ya shirya kai iyalinsa Kano a Fijo ɗinsa. Ya yi wa Rabe alkawarin wuri. Rabe ne ke ɗaure masa huhun goro tun zamanin Turawa, ga shi yanzu ƙafa ta kumbura, ba ya iya hawa bayan babbar mota.

Dab da Ojoo, a hanyar fita gari, direba ya faɗa rami. Kejin akun Alhaji, da ke kan cinyar Rabe, ya bugi gilashi. Aku ya ƙwala ƙara.

"Tsaya!" in ji Alhaji.

Aka tsaya a bakin tasha. Alhaji ya yi bayani a natse: ba a ɗora keji a cinya. Kujera ake ba shi, a ɗaure, a lulluɓe da zane, a ɗan buɗe taga. Wani likitan dabbobi ne ya gaya masa.

Matarsa Hajiya Murja ta ce, "Alhaji, a sa shi a but mana."

"But? Cikin wannan zafin? Gobe kiyama ke za ki amsa?"

"To a sauke huhun da ke kujerar gaba."

"Goron mutane ne, Hajiya. Amana ce."

Yara suka sunkuyar da kai, direba ya shiga goge madubi.

Rabe ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafar a hankali.

"Maigida, miƙo igiyar. Direba bai iya ƙulli ba."

Ya ɗaure kejin a inda ya tashi, ya lulluɓe, ya sauke gilashi kaɗan. Alhaji ya ja igiyar, ya ji tamau.

"Madalla. In abubuwa sun lafa zan aiko a ɗauke ka. Ka kula da gida."

"Allah ya kiyaye hanya, Maigida."

Motar ta tashi sannu a hankali, don kada aku ya firgita. Rabe ya ɗauki ƙullin kayansa, ya juya ya nufi Sabo yana ɗingishi, motocin masu gudun hijira suna wuce shi.