Gansakuka a Akwatin Baba Tela

Tun da hawan jini ya kayar da Baba Tela a shagonsa, hannunsa na dama bai koma daidai ba. Yana ɗaga kofi, yana sa hula, amma allura kam ta fi ƙarfinsa. Mutumin da ya saba taka keken ɗinki daga safe har yamma sai ga shi zaune a falo yana neman wanda zai yi wa faɗa. Matarsa ce ta fi kusa, don haka ita ta fi shan rabonta.

Wata safiya ƙaramar 'yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta zo da mijinta suna ɗauke da akwatin gilashi. Mijin mai gyaran firji ne, dogo, mai manyan hannuwa, magana tana yi masa wuya. Baba bai taɓa ƙinsa ba, sai dai in an gama gaisuwa bai san abin da zai ce masa ba. Surukin ya cika akwatin da ruwa, ya haɗa masa fitila da ɗan injin tace ruwa, ya sa wani reshen itace da wata ciyawar ruwa mai laushi ta lulluɓe kamar kafet, sannan ya saki 'yan jatan lande jajaye, kowanne bai wuce farcen yatsa ba.

"Ana cinsu?" in ji Baba.

"A'a, Baba. Kallonsu ake yi," in ji Auta.

"To, madalla. An kawo mini abin da ba ya magana, ba ya shiga tukunya."

Auta ta yi dariya, mijinta ya sunkuyar da kai.

Ba a jima ba Baba ya jawo kujerarsa gaban akwatin. Ya lura yadda suke tsintar abinci a cikin ciyawar da 'yan hannuwansu, da sauri kamar mai tsefe kai, har ya san wanda ya fi rowa. Da ƙauna ta shige shi sai ya fara yi musu gata. Ya sa aka matsar da teburin da akwatin yake kai zuwa bakin taga don su sha hantsi. Fitilar saman akwatin ya daina kashe ta, wai kada su ji tsoro. Duk sanda aka kawo masa abinci su ma sai ya barbaɗa musu nasu, ya ƙara da ɗan kaɗan.

Gansakuka ta fara da ɗigo-ɗigo a jikin gilashi. Daga nan wasu dogayen zare kore suka fito, suka nannaɗe ciyawar, suka shaƙe ta har ƙasanta ya koma ruwan ƙasa. Ruwan ya yi duhu. Ranar da ya tarar da wasu jatan landen kwance ba motsi, Baba ko karin kumallo bai taɓa ba. Ya tashi ya ɗauko soso da garin sabulu.

"Malam, me za ka yi?" matarsa ta tare shi.

"Wanke shi zan yi tas."

"Da sabulu? Ka ƙarasa sauran ke nan. Bari in kira mijin Auta."

"Kada ki kira shi! Yaro ya ba ni amana, in ce masa me?"

"Ka ce masa abin da ya faru," ta ce, wayar tana kunnenta.

Da hantsi surukin ya iso da bokitin ruwa da siririn tiyo da sabon burushin haƙori. Ya durƙusa ya daɗe yana duba akwatin. Baba yana jiran a ce masa ya yi ɓarna.

"Ciyawar ba ta mutu ba, Baba," ya ce. "Ga kore nan a bakinta. Haske ne ya yi yawa, abinci ma ya yi yawa. Abin da suka rage shi ke ruɓewa, gansakuka ta samu taki. Ni ma haka na yi da farko, nawa ma ya fi wannan muni."



Suka mayar da teburin lungun da rana ba ta kaiwa. Surukin ya tsoma burushin yana murzawa a hankali, zaren gansakukar yana naɗewa a kansa, yana cirewa. Ya zuƙe wani ɓangare na ruwan da tiyo, ya mayar da ruwan da ya kwana a bokiti, wanda warin maganin famfo ya fita daga cikinsa. Sabulu kuwa, ya ce, ko ɗigonsa guba ne a gare su. Sai ya fito da itacen, ya yanke ciyawar da ta ruɓe, ya ware mai rai.

"Za mu shimfiɗa ta siririya, mu ɗaure da zare har ta kama da kanta. In ta yi kauri, ta ƙasa ba ta samun haske."

Ya ɗauki zaren. Manyan yatsunsa suka yi ta kokawa da shi, ƙulli yana kwancewa, ciyawa tana zamewa. Baba ya kalla har haƙurinsa ya ƙare.

"Kai, wannan ɗauri ne ko dambe? Miƙo nan. Riƙe mini itacen."

Hannun yana rawa, zaren ya kuɓuce masa ba sau ɗaya ba. Surukin bai yi hanzarin karɓa ba, bai ce sannu ba, ya dai riƙe itacen yana juya shi daidai inda ake bukata. A haka suka gama, a haka kuma hira ta ɓalle. Baba ya tambaye shi inda ake sayen irin wannan ciyawa.

"Ban saya ba. Wani abokina ne ya ba ni ɗan tsunkule tun ina koyon aiki. Ita ce na yi ta reno."

"Ka ba mu rabi ke nan," in ji Baba.

Surukin ya sosa ƙeya. Auta, wadda ta leƙo daga kicin, ita ta amsa. "Wane rabi, Baba? Duka ya kwaso. Nasa akwatin yanzu duwatsu ne zalla. Cewa ya yi kai ka fi shi zaman gida."

Baba ya mayar da idonsa kan itacen. Ya sunkuya ya gyara wani ƙullin da ba abin da ya same shi.

Suka rufe akwatin da bargo na 'yan kwanaki don gansakukar ta rasa haske. Wannan ne ya fi yi wa Baba wuya, sai da matarsa ta riƙa kama shi yana ɗaga gefen bargon. Da aka buɗe, ya bi doka sau da ƙafa: fitila rabin yini, abinci ɗan mitsitsi kuma ba kullum ba, canjin ruwa kaɗan-kaɗan kowane mako. Surukin ya riƙa biyowa in ya tashi daga aiki. Sannu a hankali ruwan ya washe, ciyawar ta fitar da sababbin tsiro masu haske, ta rufe zaren ɗaurin gaba ɗaya.

Wata rana da yamma surukin yana shigowa Baba ya tare shi a ƙofa, hankali a tashe.

"Zo ka gani. Wata masifar kuma ta ɓullo. Ƙwari ne, ƙanana, sun cika ciyawar."

Surukin ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, sai ya fashe da dariya har da buga gwiwa.

"Baba, ai jarirai ne! Haihuwa suka yi. Ba sa rayuwa sai ruwa ya gyaru, kuma sun sami wurin ɓuya."

Baba ya sa tabarau ya matso. Ga su nan, kamar tsinken gashi, suna tsince-tsince irin na iyayensu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa kafaɗar surukinsa da hannun nan mai rawa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka yi mini abin da ban san ina bukata ba. Na gode."

"Amin, Baba," ya ce a hankali. Kunya ta kama shi, ya shiga neman abin yi. "Sai mun ɗaura soso a bakin injin tace ruwan, kada ya zuƙe su."

"Akwai sabo a kicin," in ji matar Baba, ta karɓe tabarau daga fuskar mijinta. "Ku matsa haka. Tun ɗazu ake cewa jarirai, ni kaɗai ce ban gansu ba."