Takardar da Inna Ta Buga

Akwatin ƙarfe ɗaya. Wasiƙu goma sha ɗaya da Baba ya rubuto daga kurkuku. Maganin hawan jini. Sandar Inna. Abin da suka ɗauko ke nan, ga su a bayan tasi, akwatin a cinyar Auta, 'yar Inna.

Inna ce ta buga takardar neman 'yancin kai da keken rubutu, a ɗakin da aka toshe tagoginsa da katifa don kada a ji ƙara. A kan takardar nan aka kama Baba, bai dawo ba. Shekara talatin ke nan da ta miƙa ta ga gidan tarihi. Yanzu idonta ya tafi, ta ce a kai ta ta shafa abarta, sannan ta ba gidan wasiƙun.

Jami'in gidan ya tarbe su da fara'a har kunne.

"Doka ta hana taɓawa, Inna. Amma ke kam, ai doka ba ta hau kanki ba."

"Doka ta hau kaina tun ba a haifi ubanka ba. Buɗe."

Ya buɗe gilashin. Inna ta shafa gaban takardar, ta juya ta shafa bayan, ta sake shafawa.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Haba Inna, ga sa hannun maigidanki nan."

"Kekena duk inda ya buga aya sai ya huda takarda. Wannan sumul take kamar goshin jariri."

Auta ta karɓa ta ɗaga ta wajen taga. Ko huda ɗaya babu. Kwafi ne, an rina shi da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho.

"Malam, ina ta asalin?"

Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ja Auta zuwa ɗakin ajiya. Rufin na yoyo, kwalaye jibge a ƙasa, gara ta yi gini har bango. Ya nuna mata kwali ɗaya. Ta zura hannu, ta fito da ƙasa.

"Mun kai kuka sama har mun gaji," in ji shi. "Amma wasiƙun nan, in kun ba mu..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen ba.

A bakin tasi Inna ta tambaya, "Kin gan ta?"

"Gara ta cinye ta, Inna."

Tsohuwar ta miƙa hannu. Ta laluba har ta sami murfin akwatin, ta dafa.

Jami'in ya biyo su da fam ɗin karɓar kaya a hannu. Auta ta ja ƙofar ta rufe.

"Direba, mu koma. Wasiƙun nan a gida za su zauna."