Sunan Mumuni a Akwatin Wasa

A bazarar shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, rumbunan ƙauyen Gidan Amumune sun riga sun zama wofi, domin a daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Dabbobi suna faɗuwa a bakin rijiya, masu su suna kallo. Akwai wata dattijuwa, Zara'u, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza biyu. Babban, Mumuni, ya kora shanun da suka rage zuwa arewacin Issawane, wajen wani Bafillace aminin mahaifinsa, ko Allah zai sa a dace da ciyawa. Tun da ya tafi wayarsa ta daina shiga, kuma duk wanda ya zo kasuwa daga can aka tambaye shi, sai ya ce bai gan shi ba.

Ƙanensa Mutari ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, amma yunwa ta hana mutane hawa moto, esansi kuma, wato fetur, ya yi tsada. Sai ya koma zaman shago a ƙofar gida, da wata ƙaramar tele, wato talabijin, da yake haɗawa da batirin mota, da wani tsohon akwatin wasa da ya zo da shi daga Libiya. Wasan da ke ciki ya tsufa ƙwarai, mutanen cikinsa kamar an sassaƙa su da gizago. Ana ba mai wasa ayarin mayaƙa, ya raɗa wa kowanne suna, ya bi da su gari gari yana yaƙi.

Wata rana da hantsi, Zara'u tana tankaɗe dusa a tsakar gida, sai ta ji muryar Mutari daga shago, da ƙarfi:

"Innalillahi! Sun kashe Mumuni!"

Rariya ta suɓuce mata. Mumuni ɗanta ne na fari, kuma bisa alkunya ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. Ko ga ƙanensa sai dai ta ce "yayanka". A ranar ta ɗora hannu a ka ta kira sunan har maƙwabta suka ji. Kafin a ankara mata sun cika gidan suna salati.

Mutari ya fito a guje, abin riƙon wasan a hannunsa, waya tana jan ƙasa.

"Inna, ba shi ba ne! Wallahi ba shi ba ne, na cikin tele ne!"

Ta ture shi ta shiga shagon. A fuskar tele ga wani mutum kwance, da takobi a gefensa, da rubutun boko a samansa. Ta kira Lailatu, matar Mutari, wadda ta ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ta ce ta karanta mata. Lailatu ta duba, ta sunkuyar da kai, ta faɗi sunan a hankali.

Zara'u ba ta ƙara kuka ba. Ta yafa mayafinta ta nufi zauren Malam Iliyasu, limamin unguwar, wanda shi ya raɗa wa yaran nan biyu suna. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, ka san yadda ake yi in ana son halaka mutum. A ƙera surarsa, a rubuta sunansa bisa, a soke. Ai ka sha warware wa mutane irinsa."

"Na sani, Zara'u. Allah shi tsare mu."

"To a gidana aka yi. Ƙane ya yi wa yayansa. Ka taso ka zama shaida, yau zan ɗaga masa nonon da ya sha."

Malam Iliyasu ya miƙe. Ya san addu'ar uwa a kan ɗanta ba ta da shamaki, kuma da idonsa ya taɓa ganin wani mutumin Baudeta da uwarsa ta yi wa haka, yana yawo a kasuwa ba riga, yana tsintar ɓawon gyaɗa. Ya ɗauki sandarsa ya bi ta yana istigfari.

Ya tarar da Mutari zaune a ƙasa cikin shago. Ya sallami matan, ya zauna a kan buzun da Lailatu ta shimfiɗa masa, ya kalli tele. Wani kiɗa mai sanyi yana fita daga ciki, yana ƙarewa yana sake farawa, mutumin nan kuwa yana kwance bai motsa ba. Malam ya kawar da kai, duk da ya san halitta ba ta kashe halitta sai da izinin Mahalicci.

"Mutari, wa ya sa wannan suna?"

"Ni ne, Malam."

"Wa ya umurce ka? Boka ne, ko wani ka haɗu da shi a Libiya?"

"Ba kowa. Wasan ne ke tambaya, mi za a kira wannan, mi za a kira wancan. Ga Garba makanike can baya, ga Ɗan Baba mai shayi. Ko karen gidanmu na dā yana ciki."

"To tashe shi," in ji Zara'u daga bakin ƙofa. "Tun da wasa ne, tashe shi in gani."

Mutari ya girgiza kai. "Ba ya tashi, Inna. Tsohon wasa ne, wanda ya hwaɗi a yaƙi ya tahi ke nan, kuma akwatin ya riga ya ajiye. A Maradi akwai yaran da ke sa wa nasu hannu, su canza dokar, wanda ya mutu shi tashi. Nawa yadda aka ƙera shi haka yake, ban taɓa shi ba."

"A'uzu billahi," in ji Malam. "Gyara bakinka. Babu mai tayar da matacce sai Allah."

Ya juya wajen Zara'u, ya yi mata nasiha da tausasawa. Ya ce ajali rubutacce ne tun kafin a busa wa bawa rai, ba ya gabata ba ya jinkiri saboda wani akwati. Ya ce sihiri yana da niyya da tsafi da neman taimakon shaiɗanu, shi kuwa bai ga ko ɗaya a nan ba, sai shagala da ɓata lokaci, wanda laifi ne amma bai kai na tsinuwa ba. Ya ce kalmar da za ta furta, in ta fita, ko ita ba ta iya komo da ita.

Zara'u ta saurara har ya gama. Hannunta na dama yana kan ƙirjinta, ta ƙarƙashin mayafi, bai sauka ba.

"Na ji, Malam. Kun ce ba ya cin mutum."

"Da izinin Allah ba ya ci."

"To shi sa sunana. Shi sake daga farko, shi rubuta Zara'u bisa na gaba, shi kai ni inda aka kashe wancan. In wasa ne, mu gani."

Malam Iliyasu ya auna maganar. In ya hana, ya rushe maganar da ya gama yi yanzu. In ya bari, bai san abin da zuciyar tsohuwar nan za ta yi ba idan ta ga sunanta ya kwanta. Ya dubi Mutari ya gyaɗa masa kai.

Mutari ya danna, fuskar tele ta yi baƙi, sannan haruffa suka jeru. Ya fara motsa alamar daga harafi zuwa harafi. Ya kai ga na farko, ya danna. Ya kai ga na biyu. Yatsansa ya tsaya a kan maɓallin, bai danna ba. Lailatu ta toshe bakinta da gefen zane. Daga nesa ana jin wata saniya tana kuka a bakin rijiya, kukan da ba ƙarfi a cikinsa.

Mutari ya ajiye abin riƙon a ƙasa.

"Ba na iyawa, Inna."

"Ka ji, Malam," in ji Zara'u. "Ya san yana ci." Ta fara janye mayafin daga kafaɗarta.

"Zara'u, ki ji tsoron Allah! Dakata!" in ji Malam.

Mutari ya rarrafa ya kama ƙafafunta. "Inna, wallahi ban yarda yana kisa ba. Amma ba na iya kallon sunanki kwance, ko da ƙarya ne."

"Na yayanka hwa? Shi ka iya?"

"Ban iya ba, shi ya sa na yi ihu." Ya kifa goshinsa a kan ƙafarta. "Tun da ya tahi ba na barci. Na sa shi gaba don in riƙa ganinsa yana tahiya. Sulke mai kyau shi na ba, maganin duk da na samu shi nake ba. In na ga yana tsaye sai in ce can ma yana tsaye. Yau na yi sakaci aka zagaye shi."

Kiɗan tele yana ta fita. Malam Iliyasu ya miƙa sandarsa ya zare wayar daga batir, kiɗan ya yanke. Leɓunansa suna motsi, yana roƙon Mai juya zukata.

Zara'u ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗanta. Sannan hannunta ya sauko daga ƙirjinta a hankali, ta mayar da mayafin.

"Kana da moto a ƙohwar gida, kana nemansa cikin akwati," ta ce. "Tashi. Akwai tunkiyata guda da ta rage, ka kai wa mahauci ka zuba esansi. Ka bi rijiya rijiya har ka gan shi, ko ka ga wanda ya binne shi."

"Inna, kin yahe mani?"

"Ban yi maka baki ba, kuma ba zan yi ba. Allah shi kai ka, shi komo da ku."

Bayan sallar azahar Mutari ya ɗaura jarkar ruwa a bayan moto. Malam Iliyasu ya dafa kansa ya yi masa addu'ar matafiyi, ya gargaɗe shi ya riƙe takardunsa kusa saboda shingen sojoji. Zara'u ta tsaya a ƙofar gida har ya sha kwana ya hau hanyar Issawane, sannan ta koma ciki ta ɗauro alwala.