Haruffa goma sha ɗaya a gwangwani

Wani dare na ji ƙara daga ƙarƙashin gado, kamar gyare ya faɗa kwalba. Wayar ɗana ce, cikin jakar da kamfaninsa ya aiko mana bayan ƙarfe ya faɗo masa ya rasu a wurin gini, can ƙasar waje. Matarsa ta sa mata caji da rana. Tashinsa aiki wayar take yi. Na bar ta har ta gaji.

A jakar akwai takarda. Surukata ta karanta mini: za a turo diyya saboda yaransa biyu, amma sai mun ba da lambar da bankunan duniya ke gane bankinmu da ita, cikin kwana talatin. Ni kaɗai ke da asusu a gidan.

A banki wata ma'aikaciya ta rubuta mini. Haruffa huɗu na banki, biyu na ƙasa, biyu na gari, sai X guda uku a jere. Na tambayi aikinsu.

"Gadi suke yi, Baba," ta ce tana dariya.

Na ce a raina, abin da aka sa wa masu gadi uku ba na wasa ba ne. Ga shi kullum banki na turo saƙo, kada ka faɗa wa kowa lambarka a waya. Na ninke takardar na sa a gwangwanin da nake ajiye wani idon 'yar tsana na roba da makullan da ba su da ƙofa.

Sau uku wata mata ta kira daga kamfanin, tana neman lambar, wani tafinta na maimaitawa da Hausa. Sau uku na ce su zo da ƙafarsu.

"Baba, ka ba su?" in ji surukata.

"Tana wuri mai kyau."

Ta ɗauka na bayar. Ranar talatin da huɗu saƙo ya zo cewa sun rufe fayil. Ta ja ni banki. Ma'aikaciyar ta nuna mana bango. Ga haruffan nan manne kusa da agogo, kowa na gani, har mai shara.

"Ai adireshi ne kawai, Baba."

Na daɗe ina kallonsu. Sun fi nawa girma.

Da muka dawo, maƙwabcinmu tela ya tsayar da kekensa, ya leƙo da zare a baki.

"Tsoho, ya ake ciki? Na marayun ya shigo?"